Fim ɗin da ba a ɗauka ba, ta yaya yake cin riba ko ya faɗi?

Ta yaya fim ɗin da ba a kunna kyamara a kansa ba, ba a biya jarumi ko ɗaya ba, ba a haska shi a sinima ko guda ba, za a ce ya tara dala miliyan 300, har ya lashe lambar yabo? Tambayar tana tasowa ne idan mutum ya ci karo da fosta mai kyau a intanet, ɗauke da sunayen manyan jarumai da ranar fitowa da alƙaluman ciniki, ya shiga neman fim ɗin ya rasa. Wasu sukan ce damfara ce. Wasu su ce caca ce aka sauya wa suna, wasu kuma su ce aikin marasa abin yi ne. Wani lokaci kuwa fostar ta fito ne daga gem ɗin kwaikwayon tafiyar da kamfanin fim, inda mutane ke ƙago fina-finai su kai su kasuwar da ita ma ƙage ce. Kafin a yanke wa abin hukunci, ya kamata a san yadda yake.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne gem ɗin da ake magana a kansa. Mai bugawa yana zama shugaban kamfanin shirya fina-finai. Ana ba shi jari na kuɗin gem, wanda ba ya sayen komai a waje, shi kuma ya ƙago fim: suna, labari, darakta, jarumai, kasafi, ranar fita. Daga nan sai tsarin lissafin gem ɗin, ko alƙalan da masu bugawa suka naɗa a tsakaninsu, su fitar da sakamako. Fim ɗin ƙage ne, kuɗin ƙage ne, kuma duk wanda ke ciki ya san haka.

Na biyu kuɗinsa na ƙage ne amma fina-finansa na gaske ne. Fitaccen misali shi ne Hollywood Stock Exchange, wanda Max Keiser da Michael Burns suka kafa a 1996. Sabon shiga yana samun miliyan 2 na kuɗin gem, ya riƙa saye da sayar da hannun jarin fina-finan da ke shirin fitowa, farashin kuma yana bin hasashen abin da fim zai tara a Amurka cikin makonni huɗu na farko. A nan ba a ƙirƙirar komai, hasashe kawai ake yi.

Na uku ba gem ba ne sam. Shi ne tallan fim na bogi da ake haɗawa da guntayen tsofaffin fina-finai da hotunan ƙirƙirarriyar basira, a ɗora shi kamar kamfanin gaske ne ya sake shi, don a tara masu kallo a ci kuɗin talla. A 2025 YouTube ya yanke kuɗin talla ga manyan tashoshi biyu masu irin wannan aiki, Screen Culture da KH Studio.

Abin da ya raba na farko da na uku shi ne ko mai kallo ya san ƙage ne. A Nuwamban 2022 masu amfani da shafin sada zumunta na Tumblr suka taru suka ƙago wani fim ɗin 'yan daba mai suna Goncharov, suka ce wai a 1973 ya fito, suka jingina shi ga darakta Martin Scorsese. Aka yi masa fosta, aka tsara masa kiɗa, aka rubuta dogayen sharhi kan jarumansa, har shi Scorsese ɗin ya biye musu da ya ji labari. Babu wanda aka cuta, domin daɗin abin gaba ɗaya yana cikin sanin cewa fim ɗin babu shi. Matsala tana farawa ne idan fosta ta bar inda aka san asalinta ta faɗa hannun wanda bai sani ba.

Inda abin ya samo asali

Tun shekarun 1990 akwai gem ɗin kwamfuta irin su Hollywood Mogul, waɗanda kusan duk rubutu ne da lambobi. Wanda ya fito da harkar fili shi ne The Movies, na kamfanin Lionhead Studios da ke Ingila, wanda ya fito a 2005. Ana fara shi daga shekarar 1920, mai bugawa ya gina situdiyo, ya ɗauki jarumai, ya bi sauye-sauyen zamani daga fim marar sauti zuwa mai launi. Ya kuma ba da damar haɗa gajeren fim da 'yan tsanan gem ɗin a ɗora a intanet. A ƙarshen 2005 wani matashi a Faransa, Alex Chan, ya yi amfani da shi ya haɗa fim na minti 13 kan tarzomar da ta ɓarke a unguwannin bayan birnin Faris, manyan jaridu suka ɗauki labarin. An rufe shafin ɗora fina-finan a 2008, amma sha'awar ba ta mutu ba, har yanzu ana fitar da sababbin gem masu wannan salo.

Akwai dalilin da ya sa masu tsara su ke son tsohon zamanin Holiwud. A wancan lokaci babban kamfani shi ke riƙe da jarumi a kwantiragi na shekaru, shi ke shirya fim, shi ke rarraba shi, shi ke da gidajen sinima. Komai na hannun mutum ɗaya, abin da gem ke buƙata ke nan. Kotun Ƙolin Amurka ce ta karya wannan tsari a 1948, a shari'ar gwamnati da Paramount da sauran manyan kamfanoni, wadda ta kai ga raba su da gidajen sinimarsu.

Da intanet ya yaɗu sai aka samu nau'in da mutane da yawa ke bugawa tare, kowa da kamfaninsa, ana rububin jarumai ɗaya da ranakun fita ɗaya. A nan ne ƙago fim ya zama gwaninta, domin yanzu akwai mutanen da za su karanta abin da ka rubuta.

Me ake ƙagowa a zahiri

Mai kallo daga waje yana zaton suna kawai ake laƙabawa a danna maɓalli. A gem mai sauƙi haka ne. A wanda mutane ke alƙalanci, aikin ya fi haka nisa.

Ana farawa da jimla ɗaya ko biyu da ke ɗauke da labarin gaba ɗaya: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya, me zai rasa in ya gaza. A ce wani ya rubuta cewa fim ɗinsa labarin wata mata ce mai fama da tunanin abin da ya wuce. Ba a ce komai ba tukuna, babu abin da za a ɗauka da kyamara. A ce kuma wani ya rubuta cewa ma'aikaciya ta ƙarshe a wata tashar jirgin ƙasa da za a rufe ta lura akwai jirgin da ke tsayawa kowane dare wanda ba ya cikin jadawali, kuma a daren ƙarshe ta hango ƙaninta da ya ɓata shekara goma a tagarsa. Wannan ya ba da wuri, ya ba da wa'adi, ya ba da tambayar da mutum zai so jin amsarta. Daga jimlar ma an san fim ne na ban tsoro mai wuri ɗaya da jarumai kaɗan, saboda haka an san ba zai ci kuɗi da yawa ba.

Wannan shi ne wurin da sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Kowane zaɓi yana ɗaure wanda ke biye da shi. In ka ba labarin tashar nan kasafin dala miliyan 150, ka kashe shi, don masu zuwa kallon irinsa ba su kai yawan da za su mayar da kuɗin ba. In ka ɗauko jarumar da aka sani da barkwanci, ko dai ka yi dabarar da za ta ba mutane mamaki, ko ka kori masoyanta da masoyan fim ɗin ban tsoro a lokaci guda. In ka cika shi da zubar da jini, a tsarin tantancewar Amurka zai faɗa rukunin R, wanda 'yan ƙasa da shekara 17 ba sa shiga sai da babba. In ka sassauta ya samu PG-13, rukunin da aka ƙirƙiro a 1984, matasa za su shiga amma tsoron ya ragu. Sai ranar fita. Daga Mayu zuwa Agusta da kuma ƙarshen shekara ne lokacin cikar sinima a Amurka, amma nan ne manyan fina-finai ke cunkushewa. Ƙaramin fim ɗin tsoro ya fi numfashi a Oktoba, ko a makon da manya suka bar fili.

Wasu masu bugawa suna tsayawa a shafi ɗaya. Wasu suna rubuta labarin daki-daki daga farko har ƙarshe, su haɗa fosta, su tsara abin da za a nuna a talla da abin da za a ɓoye. Ni ban ga dalilin raina wannan aiki ba. Duk fim ɗin da aka taɓa yi, a ranar da aka amince a zuba masa kuɗi, fim ne na ƙage: takarda ce da sunaye da lissafi da fata. Furodusa na gaske yana yanke hukunci ne kan abin da bai gani ba tukuna. Mai buga gem yana yin wannan mataki ne zalla, an cire masa wahalar ɗauka da haɗarin karyewar jari.

Wa ke yanke cewa fim ya ci riba

Da farko lissafin kansa, domin nan ne ko masu bin labaran fina-finan gaske ke ruɗewa. Kuɗin tikiti ba na kamfani ba ne duka. A Amurka gidajen sinima suna riƙe kusan rabi. A China kason da ke dawowa ga kamfanin waje kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Sannan kuɗin talla daban yake da kuɗin shirya fim. A ce fim ɗin tashar nan ya ci dala miliyan 20, aka kashe miliyan 15 a talla, ya tara miliyan 60 a sinima. Mai ganin kanun labari zai ce ya ninka kuɗinsa sau uku. Amma abin da ya dawo gida kusan miliyan 30 ne, an kuwa kashe 35. Sai an haɗa da kuɗin talabijin da na manhajojin kallo kafin a fita daga asara. Shi ya sa 'yan masana'antar ke yawan cewa fim sai ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na kasafinsa kafin a fara maganar riba. Gem mai kyau yana koyar da wannan cikin mako ɗaya, kuma wanda ya koya ba zai ƙara karanta labarin cinikin fim da ido irin na da ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin buɗewa da ɗorewa. Abin da fim ya tara a ƙarshen makon farko aikin talla ne da sunan jarumi. Abin da ya tara bayan nan aikin bakin waɗanda suka gani ne. Fina-finan tsoro sun saba buɗewa da ƙarfi su zube a mako na biyu, na yara da iyali kuwa sukan daɗe suna ja. Yawancin gem suna raba waɗannan biyu: kuɗi da suna su saya maka makon farko, ingancin labari ya riƙe maka sauran.

To wa ke auna ingancin labarin da ba a ɗauka ba? Hanyoyi uku ne, kuma rigimar masu bugawa kusan duk a nan take.

Hanya ta farko ita ce ƙa'idar lissafi. Kowane jarumi yana da maki, kowane nau'in fim yana da maki a kowane wata, a haɗa da kasafi a fitar da sakamako. Adalcinta shi ne ba ta san kowa ba. Aibinta shi ne ana gano ta. Da zarar wani ya gane haɗin da ke ba da maki mafi yawa, kowa zai koma kansa, a wayi gari kamfanoni ashirin suna fitar da fim iri ɗaya da sunaye daban. Kuma na'ura ba ta karanta labari, don haka wanda ya kwana yana saƙa labari da wanda ya rubuta layi biyu sakamakonsu ɗaya.

Hanya ta biyu alƙalancin mutane. Masu bugawa su karanta na juna, su rubuta sharhi, su ba da maki, a ƙarshen shekarar gem su yi bikin ba da lambobin yabo. Nan ne rubutu ke samun daraja. Nan ne kuma sanayya ke shigowa, ka yabi nawa in yabi naka, tsofaffin hannu su riƙa tallafar juna, sabon shiga ya rubuta abu mai kyau ba wanda ya buɗe. Akwai kuma gajiya. Alƙalin da aka jibga wa labari talatin ba zai karanta na ƙarshe da idon da ya karanta na farko ba.

Hanya ta uku ita ce sa'a, wato a saka wani kaso na sakamakon da ba wanda ke iya hasashensa. Masu bugawa da yawa sun tsane ta, suna ganin zalunci ne ka yi komai daidai fim ya faɗi. Amma ita ce mafi kusa da gaskiyar kasuwa. Masana tattalin arziki Arthur De Vany da David Walls sun yi nazarin cinikin fina-finai masu yawa a shekarun 1990, suka nuna cewa 'yan tsirarun fina-finai ne ke kwashe mafi yawan riba, kuma sa babban jarumi ba ya tabbatar da nasara. Misalan suna nan a fili. Paranormal Activity an ɗauke shi da kusan dala dubu 15, ya tara fiye da miliyan 190 a duniya bayan fitowarsa a 2009. Fim ɗin John Carter kuwa, a 2012 kamfanin Disney da kansa ya sanar cewa yana sa ran asarar kusan dala miliyan 200 a kansa. Babu ƙa'idar lissafin da za ta fitar da waɗannan sakamako biyu.

A ganina gem ɗin da ya cire sa'a gaba ɗaya yana koyar da ƙarya, domin yana nuna wa mutum cewa nasarar fim abu ne da ake lissafawa a samu. Wanda kuma ya bar komai ga sa'a ya raina wahalar marubuci. Wanda ya fi shi ne mai haɗa ukun: lissafi ya tsara makon farko, mutane su auna labari, sa'a ta samu ɗan gurbi, sannan a bayyana wa kowa tun farko nauyin kowanne. Ɓoye ƙa'ida shi ke haifar da zargi, ko da babu maguɗi.

Sunayen jarumai da shigowar ƙirƙirarriyar basira

Gem ɗin da ake sayarwa galibi suna ƙago jarumansu, saboda a wurare da dama, ciki har da jihar Kalifoniya, doka ta hana amfani da suna ko fuskar mutum don kasuwanci ba da izininsa ba. Waɗanda masu sha'awa ke gudanarwa kyauta sukan yi amfani da sunayen gaske, domin rabin daɗin shi ne tunanin yadda wance za ta taka wannan rawa. Rubuta suna a jerin jarumai abu ne mai sauƙi. Haɗa hoton fuskar mutum a yanayin da bai taɓa shiga ba, musamman na tsiraici ko na wulaƙanci, wani abu ne daban, kuma cewa wasa ake yi ba ya wanke shi. Batun kwaikwayon fuska da murya da na'ura yana cikin manyan dalilan yajin aikin 'yan wasan fim na Amurka a 2023, wanda ya ɗauki kwana 118.

Ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa haɗa fosta ga wanda bai iya zane ba, wannan alheri ne. Amma ta taɓa gem ɗin a gindinsa. In mutum zai iya fitar da labari goma cikin minti biyar, alƙalan da ke karantawa da idonsu za su nutse, kuma makin da ake bayarwa don rubutu ya rasa ma'ana. Masu goyon baya suna cewa aikin shugaban kamfani zaɓe ne, ba shi ke rubutu ba ko a duniyar gaske. Hujja ce mai ƙarfi a gem ɗin lissafi. A gem ɗin da mutane ke ba da lokacinsu su karanta, ba ta tsayawa, domin wanda ya karanta shafi goma ya yi ne bisa zaton mutum ɗan'uwansa ne ya rubuta. Mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne a faɗa masa.

Caca ce? Kuma labarin na wane ne?

Muddin kuɗin gem ba ya komawa kuɗin gaske, kuma ba a biya don a jarraba sa'a, ba caca ba ce. Iyakar tana nan kusa dai. Kamfanin hada-hadar kuɗi na Cantor Fitzgerald, wanda ya sayi Hollywood Stock Exchange a 2001, ya nemi buɗe kasuwar da za a riƙa zuba kuɗin gaske kan cinikin fina-finai. Manyan kamfanonin fim suka yi adawa, dokar Dodd-Frank ta 2010 ta haramta irin wannan ciniki a Amurka. A wayoyi kuma akwai gem masu sayar da akwatin sa'a, ka biya kuɗin gaske ba ka san abin da za ka samu ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018. Iyayen da 'ya'yansu ke buga irin waɗannan gem, wurin da za su duba ke nan: shin ana sayen wani abu da kati, kuma an san abin da ake saye kafin a biya?

Saura batun mallaka, wanda masu bugawa ba su cika tunaninsa ba sai labarinsu ya yi kyau. Dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutun da mutum ya yi, ba ta kare tunanin da ke ƙarƙashinsa. A Amurka sunan fim shi kaɗai ma ba ya samun wannan kariya. Wanda ya karanta labarin tashar jirgin nan ya je ya rubuta nasa na jirgin dare da kalmominsa da jarumansa, da wuya a kama shi da laifi. Wanda ya kwafe shafukan, shi ya taka doka. Abin da na'ura ta rubuta ita kaɗai kuwa, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ba ya yi masa rajista, kotu ma ta tabbatar da wannan matsayi a 2023. Sannan shafuka da yawa suna sa wa a sharuɗɗan shiga cewa suna da izinin amfani da duk abin da aka ɗora musu. Mai niyyar wata rana ya mayar da labarinsa littafi ko rubutun fim na gaske, gara ya karanta waɗannan sharuɗɗa kafin ya ɗora, ya sa taƙaitaccen bayani a gem, cikakken rubutun kuma ya ajiye shi a wurinsa da kwanan wata.